Kowa Ya Zo Kallo, Ban da Matuƙi: Jawabi a Bikin Yaye Sababbin Matuƙan Jirgin Sama

  

Mai girma shugaban wannan taro. Wakilin Mai Martaba Sarki, Allah ya ƙara wa Sarki lafiya da nasara. Shugaban makaranta da malamansa. Injiniyoyi da masu kula da zirga-zirgar jirage. Iyayenmu maza da mata. 'Ya'yana da aka yaye yau.

Na nemi izinin shugaban taro in yi jawabina da Hausa, kuma ya amince, na gode. Aikinmu da Turanci ake yin sa, da shi muke magana da hasumiyar filin jirgi ko a wace ƙasa muke. Amma a cikin rumfar nan akwai uban da ya sayar da gona, akwai uwar da ta rabu da sarƙarta, don a biya kuɗin wannan karatu. Haƙƙinsu ne su ji da kunnensu irin aikin da 'ya'yansu za su shiga.

A 1925 jirage uku na sojan saman Birtaniya suka taso daga Masar suka sauka Kano. Kakanninmu suka fito kallo. A 1964 aka kafa kwalejin koyon aikin jirgin sama a Zariya, 'ya'yan masu kallon nan suka fara zama a kujerar tuƙi. Ku ne jikoki da tattaɓa-kunne, kuma yau an miƙa muku abin da su daga nesa suka hango.

Na san abin da ke ran kowannenku: babban jirgi, cike da alhazai daga Kano zuwa Jidda ko Madina, kai kana gaba da ratsi huɗu a kafaɗa. Allah ya kai ku. Sai dai amana ce a kaina in faɗa muku abin da ke tsakaninku da wannan kujera. Lasisin da kuka karɓa yau ya ba ku dama a biya ku ku tuƙa jirgi, kuma yawancinku da awa 200 na tashi ko kusa da haka kuka same shi. Lasisin da ake zama kyaftin ɗin babban jirgin fasinja da shi yana neman awa 1,500. Wannan tazara ba a tsallake ta, taka ta ake yi awa bayan awa. Wasu da koyarwa suke cike ta, wasu da dakon kaya, wasu kuma Allah kan buɗa musu kamfani ya ɗauke su mataimaka tun da wuri. Ni da ɗaukar 'yan yawon buɗe ido na cike tawa, a ƙaramin jirgi, a ƙasar Botswana. A kan wannan aiki zan yi magana, domin mutane suna raina shi, ni kuwa duk abin da ya tsare min rai a manyan jirage daga baya, a can na koyo shi.

A arewacin Botswana akwai wani gari mai suna Maun, shi ne ƙofar fadamar Okavango. Kogin Okavango daga tsaunukan Angola yake tasowa, ya ratsa wani yanki na Namibiya, ya shigo Botswana, daga nan kuma ba ya kaiwa teku. Bazuwa yake yi cikin rairayin Kalahari, ya zama ƙoramu da tafkuna da tsibirai ba iyaka, har rana da ciyayi da ƙasa su shanye shi. Wanda ya san yadda ruwa yake malala a fadamar Haɗeja da Nguru zai gane abin da nake nufi, sai dai ya ninka faɗin sau da dama. Ruwan da ya sauka a Angola yakan yi watanni a hanya, sai ya iso wajen Yuni zuwa Agusta, lokacin da ƙasar can take bushe ƙayau. Sai giwaye da ɓauna da dorina da raƙuman dawa su taru inda ruwan yake. A 2014 hukumar UNESCO ta sa wurin cikin jerin wuraren da duniya take alfahari da su, shi ne na 1,000 a jerin. Da yawa daga masaukan baƙi na cikin fadamar mota ba ta kai musu in ruwa ya cika, don haka ƙaramin jirgi shi ne motar hayarsu: Cessna 206 mai kujera shida har da ta matuƙi, da Airvan, da babban wansu Caravan. Bayan jigilar baƙi da kayan abinci, akwai tashin kallo zalla, inda za ka ɗauki mutane ka zaga da su kusan awa guda a ƙasa-ƙasa, ka dawo da su inda ka ɗauke su.

Yadda ake neman aikin a zamaninmu, zuwa da kai ya fi saƙo. Takardar da ka aiko ta gidan waya tana cikin tarin irinta. Sai ka je da kanka, ka kama ɗan wurin kwana, kullum da safe ka sa farar rigarka ka bi ofisoshi ka gaisa, ka koma, gobe ka sake dawowa. Na yi watanni a haka, guzurina yana ƙarewa ina gani. Yau abubuwa sun sauya. Botswana tana da matuƙa 'yan ƙasa kuma tana fifita su, tana da gaskiya, mu ma haka za mu so a yi a nan. Baƙo sai ya sami takardar izinin aiki, sai hukumar jiragen saman ƙasar ta amince da lasisinsa, kuma ya san dokokin samanta. Kada wanda ya ɗauki jaka gobe ya tafi bai bincika sharuɗɗan da ake ciki ba. Abin da bai sauya ba, a Maun ne, a Livingstone ta Zambiya kusa da gangaren ruwan Victoria ne, ko a Swakopmund ta Namibiya, shi ne abin da mai ɗaukar aiki yake nema a jikinka.

Ku sani, intabiyu tana farawa tun kafin a kira ka ɗaki. Babban matuƙin kamfani yana tambayar makanike, yana tambayar mai zuba mai, yana tambayar yaron da ke loda kaya: wannan baƙon da ke zuwa kullum, yana gaishe ku? Ƙaramin kamfani kamar gida ɗaya ne, ba za su ɗauki wanda ba za su iya zama da shi ba. A nan tarbiyyar da iyayenku suka ba ku jari ce, kada ku bar ta a ƙofar filin jirgi.

A cikin ɗakin za a tambaye ka abin da ka karanta: nauyin da jirgi zai iya ɗauka, yadda ake raba shi gaba da baya, man da zai ishe ka da na ajiya, abin da za ka yi in inji ya mutu bayan tashi. Za a buɗe littafin awoyinka shafi-shafi. Ina roƙonku da girman Allah, kada alƙalaminku ya rubuta awa ɗaya da ba ku tashi ba. Duniyar matuƙa ƙarama ce, kuma hannu yana tona abin da takarda ta ɓoye, domin daga ɗakin nan jirgi za a kai ka a ce bismillah, tashi mu gani. In an tambaye ka abin da ba ka sani ba, ka ce ban sani ba, amma ga littafin da zan duba. Wanda ya ƙirƙiro amsa a ƙasa, zai ƙirƙiro ta a sama.

Tambayar da ta ba ni aiki ba ta cikin littafi. Babban matuƙin ya ce min: “Ga baƙi biyar, sun biya, daga ƙasa mai nisa suka zo, gobe za su koma. Hadari yana haɗuwa a kan hanyarka. Ofis ya ce ka tashi. Me za ka yi?” Na daɗe ina jiran wannan aiki, zuciyata tana ce min in nuna masa ni ba matsoraci ba ne. Amma malamina na farko ya riga ya dasa min wani abu a rai, sai na ce ba zan tashi ba, zan je in yi wa baƙin bayani da bakina, in nema musu wani lokaci da sassafe. Ya ce to in an ce za a kore ka fa? Na ce sai a kore ni. Bai ce komai ba, ya rufe littafina. Bayan kwana biyu aka kira ni gwajin tashi. Hausawa sun ce da muguwar rawa gara ƙin tashi, kuma ban san wata sana'a da wannan magana ta hau kanta daidai kamar tamu ba.

To, an ɗauke ka. Kai ne matuƙi, kai ne mai duba mai, kai ne mai ɗaukar jakunkuna, kai ne mai yi wa fasinja bayanin bel da ƙofa, kai ne mai miƙa leda ga wanda jiri ya kama. Babu mataimaki a gefenka, kujerar ma fasinja aka sayar wa. Man da ke tanki ka hau fiffike ka auna da hannunka, ka tsiyaye kaɗan ka ga ko ruwa ya shiga. Ana cewa ido ba mudu ba ne amma ya san kima. A wajen nauyin jirgi ban yarda da ido ba, a kawo sikeli, a auna mutum a auna jakarsa, cikin ladabi. Maun tana kan tudu kusan ƙafa 3,000 daga teku, kuma a watan Oktoba zafi yakan kusanci digiri 40. Iska mai zafi a kan tudu sirara take yi, inji ya rage ƙarfi, fiffike ya rage ɗauka. Jirgin da ya tashi cikin sauƙi da ƙarfe bakwai na safe, da nauyin nan dai, a titin nan dai, zai iya cinye titin duka da ƙarfe biyu na rana bai rabu da ƙasa ba. Titunan daji kuma na turɓaya ne, gajeru, kuma ba naka ba ne kai kaɗai: sau da yawa sai ka fara wucewa ta kansu ƙasa-ƙasa ka tabbatar babu barewa ko giwa kafin ka juyo ka sauka. Da rana ta take, ungulaye suna hawa iskar zafi su yi ta shawagi daidai tsayin da kake tafiya, kuma ungulu guda ta isa ta fasa gilashin gaba.

Yanzu ga zuciyar maganata. A cikin jirgin kallo, kowa ya biya kuɗi ne don ya leƙa ƙasa, ban da mutum ɗaya. Wannan mutum kai ne. Wata rana ina ɗauke da baƙi, sai wata mata ta yi ihun murna ta nuna garken giwaye suna ƙetare ruwa da 'ya'yansu. Kowa ya juya wajen. Suka roƙe ni in zaga. Na karkata jirgi, na ga giwayen za su shige ƙarƙashin fiffike, na ƙara karkatawa, na ja sanda don kada su ɓace wa masu hoto. Ban ankara ba sai ƙahon gargaɗi ya yi kuka, yana gaya min iska tana gab da sakin fiffike. Ƙafa ɗari biyar ne tsakanina da ƙasa. Na sassauta sanda, na ƙara wuta, na miƙe fukafukai, Allah ya tsare. Baƙin ba su san abin da ya faru ba, suka sauka suna godiya. Ni kuwa na san laifina: na shiga cikin 'yan kallo, jirgi ya zauna ba matuƙi na wasu daƙiƙoƙi. Kun karanta a aji cewa in ka karkata jirgi digiri 60 kana riƙe da tsayinka, nauyin da fiffike ke ɗauka ya ninka biyu, gudun da kake buƙata don kada ya sake ka ya ƙaru da kusan kashi 40 cikin ɗari. A allo lissafi ne. A ƙafa ɗari biyar, ran mutum shida ne. Da yammar ranar na je na faɗa wa babban matuƙi da bakina, kuma tun daga nan in zan nuna wa baƙi wani abu, da faɗi nake zagawa, sau ɗaya ta dama sau ɗaya ta hagu don kowa ya samu, idona yana kan gudu da tsayi da sararin da ke gabana.

Kallo shi ne abokin gaba na farko, na biyu kuwa shi ne sabo. Hanya ɗaya za ka bi sau huɗu ko biyar a yini, wata da watanni, har ka san kowace bishiya. Sabo kuwa turken wawa ne. Ranar da ka ji ba ka buƙatar karanta jerin dubawa domin ka haddace shi, ranar ce ka fi buƙatarsa.

In gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa. Dokokin aikinmu da yawa bayan jana'iza aka rubuta su, don haka ku san tarihinsu. Ranar 18 ga Yuni 1986, a kwazazzabon Grand Canyon na Amurka, jirgin kallo ƙirar Twin Otter da wani helikwafta, shi ma na kallo, suka yi karo a sama da hantsi. Mutum 25 suka rasu, babu wanda ya tsira. Bayan haka ne aka tsaurara dokar tashi a wurin, aka shata hanyoyi da tsayin da kowane jirgi zai bi. Wurin da ya fi kyan gani, nan kowane jirgi yake nufa, don haka nan ne sama ta fi cunkoso. Ka faɗi inda kake a rediyo, ka saurari inda wasu suke, ka yi ta waige.

Ranar 25 ga Yuni 2015, kusa da garin Ketchikan a Alaska, wani jirgi mai sauka a ruwa yana dawo da baƙi takwas daga kallon Misty Fjords. Baƙin fasinjojin wani babban jirgin ruwa ne da ke da lokacin tashi, kuma an makara. Matuƙin ya bi gajeriyar hanya, ya kutsa cikin gajimare a tsakanin duwatsu, ya daki dutse. Su tara duka suka rasu. Hukumar binciken haɗurra ta Amurka ba ta tsaya kan matuƙin kaɗai ba, ta ɗora alhaki har a kan al'adar kamfanin, wadda ta saba kau da kai ana tashi cikin mugun yanayi. Ku da kuka koyi tuƙi a ƙasar da hazon hunturu yake shafe gari cikin ɗan lokaci, kun san yadda gani yake ƙarewa ba sallama. In gabanka ya fara rufewa, ka juya tun bayanka yana buɗe.

Labari na uku kuma ga shugabanni nake faɗarsa, masu kamfanoni da jami'an hukuma da ke zaune a nan. Ranar 28 ga Nuwamba 1979 wani babban jirgi ƙirar DC-10 ya tashi daga New Zealand ya kai mutane kallon ƙanƙarar Antatika. An sauya lambobin hanyar da aka ɗora wa kwamfutar jirgin, ba a sanar da matuƙan ba. Suna zaton a kan buɗaɗɗen mashigin teku suke, alhali hanyar ta nufi Dutsen Erebus, kuma farin gajimare ya haɗe da farar ƙanƙara har ido bai iya raba su. Mutum 257 suka rasu. Rahoton farko ya ɗora laifin a kan matuƙan, sai binciken Mai Shari'a Peter Mahon a 1981 ya wanke su ya nuna inda kuskuren ya faro. Sai a 2019, bayan shekara 40, gwamnatin ƙasar ta nemi gafarar iyalan. Ranku ya daɗe, abin da aka yi sakaci da shi a ofis, a sama ake biyan sa. Yaron da ya dawo da jirgi ya ce yanayi bai yi ba, kada a yanke masa albashi, kada a yi masa kallon rago. In kuka hukunta shi sau ɗaya, kun koya wa duk sauran su kutsa.

Ba na so ku tashi daga nan da tsoro kaɗai, domin aikin yana da daɗin da ban samu a babban jirgi ba. A babban jirgi ƙofa ce a kulle tsakaninka da fasinja. A nan kuwa kana ganin fuskokinsu. Na ɗauki wani dattijo da ya ce min shekaru ya yi yana tara kuɗin wannan awa guda. Da muka sauka ya riƙe hannuna da hannu biyu ya kasa magana. A gare ka tashi na biyar ne a ranar, a gare shi na farko ne kuma wataƙila na ƙarshe. Ka ba shi haƙƙinsa: ka san sunan kogin da sunayen dabbobin, ka yi magana a natse, ka tuƙa a hankali saboda mai jin jiri. Kuma na sha ganin hantsi yana faɗowa kan ruwan nan, na yi tasbihi ni kaɗai a raina. Sau da yawa ni ne Bahaushe na farko, Musulmi na farko, ɗan Nijeriya na farko da baƙon ya taɓa zama kusa da shi. Abin da ya gani a wurina, da shi zai auna mutanena.

Ina da buri guda da nake so in ajiye a gaban hukuma. Muna da Yankari a Bauchi, muna da tsaunin Mambila da gandun Gashaka-Gumti a Taraba, maƙwabtanmu na Nijar suna da duwatsun Ayar da hamadar Tenere. Allah bai rage mu da abin kallo ba. Abin da ya rage shi ne tsaro, da ƙananan filayen sauka da ake kula da su, da man ƙananan jirage a wadace, da doka mai sauƙin bi ga ƙaramin kamfani. In aka samar da waɗannan, ɗan da muka yaye ba sai ya ƙetare ƙasashe ya kwana a tanti yana jiran awoyinsa na farko ba.

Iyayenmu, in kuka ji ɗanku ko 'yarku ta sami aiki a jirgi mai kujera shida, kada ku ce karatu bai yi riba ba, kuma kada ku matsa musu da tambayar yaushe za a koma babba. Ku sa musu albarka, ku bar su su cika awoyinsu da gaskiya. Malamai, Allah ya saka muku da alheri, ku ne kuka zauna a gefensu ranar da hannunsu yake rawa.

'Ya'yana, alkawari ɗaya nake nema a wurinku kafin ku bar rumfar nan, a gaban iyayenku da malamanku. Ranar da fasinja ya roƙa, ofis ya matsa, aljihu ya yi kuka, amma abin da kuka koya a makarantar nan ya ce kada a tashi, to ku kashe inji ku sauko ku faɗa musu da bakinku.

Allah ya tsare tashinku da saukarku, ya sa albarka a lasisinku, ya mayar da kowa gidansa lafiya.